Amsar da Ba Ta Tafi Ba

Shafi na 12

Masu tsaya mini a kai da saƙo tun shekaranjiya, ku sarara mini haka, ga shi na kawo. Ke kuma da kika ce in Yaya ya ƙi buga mujallar nan kin daina karatu, gyara zama.

*

Mutum tara.

Auta ta sake duba wayarta a bakin ƙofar shagon, ko Allah zai sa wani ya ji tausayinta a hanya ya zama na goma. Ina! Taran nan dai ce zaune daram.

"Ki ce casa'in," Malama ta raɗa mata.

"Malama! Ke da kike koyar da yara?"

"Yaran ba sa nan."

Wata guda cur ke nan da suka yi magana da Yaya, babban wan Auta, mai shagon buga takardu. Ita Auta gyaran kwamfuta take yi, kuma gyaranta iri ɗaya ne. A kawo mata tsohuwar kwamfutar da kowa ya sallama, ta goge duk abin da ke ciki, ta zuba mata babbar manhajar nan ta kyauta, wadda ba lasisi ba biyan kowa, sai ka ga tsohuwa ta miƙe tana gudu. Daga nan ne ita da ƙawarta Malama suka ƙulla zancen fitar da mujallar da za ta riƙa koya wa mutane aiki da manhajar. Ranar da suka faɗa wa Yaya, dariya ya yi har da dukan tebur. Da ya gama ya ce ya ji, zai buga fitowar farko, amma sai sun kawo masa mutum ɗari da suka ce za su saya, da masu talla uku. In ba su kawo ba, kada wanda ya sake tayar masa da maganar.

Yau Laraba, kuma yau wa'adin ya cika.

Suka yi sallama suka shiga. Warin tawada ya tare su, babban injin yana ta tofo kalanda ɗaya bayan ɗaya. Yaya na tsaye a kansa, tabarau a ƙarshen hanci, babban yatsansa baƙi ƙirin. Ya kashe injin, shagon ya yi tsit.

"A'a, manyan 'yan jarida! Ku zauna mana. Malama, ture takardun nan ki samu wuri."

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya lau. Injiniya, ya na ga fuska kamar an ɗauke wuta?"

Auta ba ta zauna ba.

"Tara ne, Yaya."

"Tara me?"

"Mutum tara."

Malama ta rufe ido, ta girgiza kai kamar an yi mata asara.

"Tara," Yaya ya maimaita a hankali. "To, ba laifi. Su wane ne?"

"Biyu daga ciki Malama ce."

"Ɗaya a makaranta, ɗaya a gida," in ji Malama, ko kunya babu. "Ai kwamfuta biyu ce."

"Ɗaya kuma Mama."

"Mama? Mamarmu? Wadda ko rediyo sai an kunna mata?"

"Ni na riƙe mata yatsa ta danna."

Yaya ya yi wani tari wanda ba tari ba ne, ya juya baya yana gyara takardun da ba su ce a gyara su ba.

"Masu talla fa?"

"Na aika wa kamfani goma sha biyu saƙo. Ɗaya ya amsa."

"Alhamdulillahi! Me ya ce?"

"Ya ce in daina aiko musu."

Wannan karon har kafaɗunsa sai da suka motsa. Auta ta kawar da kai. Dariyar Yaya ba baƙuwarta ba ce, tun tana rarrafe take shan ta, amma yau ta yi mata ciwo.

"Tsaya tukuna," ya ce, ya juyo. "Ta yaya ma kika yi tambayar? Ban taɓa ji daga bakinki ba."

"Ƙaramar manhaja na rubuta. Da an kunna kwamfuta da safe sai tambaya ta fito a allo: za ka sayi mujalla kaza? Ka danna eh ko a'a, ka rubuta abin da kake so a koyar a ciki, amsa ta zo mini kai tsaye."

"Ta ina tambayar ta shiga kwamfutocin mutane?"

"Ni na bi su. Sati biyu ina yawo da filas, ɗan abin nan da na zuba manhajar a ciki. Duk wanda na taɓa yi wa gyara sai da na je, kwamfuta ɗari da sittin."

"Kin je da ƙafarki."

"Eh."

"Kin gaishe su, sun ba ki kujera."

"Eh mana."

"Amma ba ki buɗe baki kin ce, za ku sayi mujalla ba?"

"In na tambaye su ido da ido, kunya za ta sa su ce eh. Ni amsar gaskiya nake so, ba ta ganin ido ba."

Ta faɗi haka da ɗan ƙarfinta, don har yanzu tana ganin dabarar ta yi. Sai kuma ƙarfin ya zube. Ta tuna ranar da ta sha a sati biyun nan, da takalminta da ya tsinke a hanya, da yadda take buɗe waya tun kafin ta wanke fuska. Mutum ɗari da sittin da take ganin suna ƙaunar aikinta, shida ne kawai suka iya danna abu ɗaya saboda ita.

"Na haƙura, Yaya," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kai ne da gaskiya. Ba wanda zai sayi mujalla a kan abin kyauta. Ba zan sake tayar da maganar ba."

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, sai tsohuwar wayar shago ta ɗauki ƙara a kan tebur.

Wayar nan ta girmi wasu yaran unguwa. Da roba aka ɗaure bayanta, kuma tun bara lasifikarta ta maƙale, duk wanda ya kira sai shago gaba ɗaya ya ji. Yaya ya dubi lambar, ya kifa wayar.

Ta katse. Ta sake ɗauka.

"Yaya, ka ɗaga mana, kada ya zama mai aiki ne," in ji Malama.

"Ba kowa ba ne."

"Ba kowa ba ne yake kira sau biyu?"

Kafin ya ankara Malama ta miƙa hannu ta danna. Malama ke nan, hannunta ya fi tunaninta sauri.

"Salamu alaikum! Ɗan nan, kai ne?" Muryar wata dattijuwa ta cika shagon. "Mai kemis ce. To, yau ma kwamfutar nan ta yi! Ina kunna ta sai ga shi ɓaro-ɓaro: amsarka ba ta tafi ba, a sake gwadawa. Ni sau nawa zan ce ina so? Na ce ina so, na ce ina so, sati uku ke nan ina ce wa kwamfuta ina so!"

Auta ta juyo ta kalli wayar.

"Anti, za a zo a gyara," Yaya ya ce, yana kallon rufin shago.

"Haka ka ce wancan satin. Ka dai rubuta ni ko?"

"Na rubuta."

"Ƙara ɗaya, na 'yata. Kuma ka gaya wa yarinyar nan mai gyara, a shafin farko ta sa yadda ake haɗa ta da firinta. Kada ta kai shi can baya, idona ba ya son bincike. Allah ya yi mata albarka, kwamfutar da na kusa ba masu gwangwan ga ta tana riƙe mini duk magungunan shago."

Ƙit, ta kashe.

Can Auta ta ɗora hannu biyu a ka.

"Intanet," ta ce.

"Me ya samu intanet?" in ji Malama.

"Ba su da shi! Malama, ba su da intanet! Mai kemis lissafin magani kawai take yi. Yawancin makarantu, masu buga takarda, har telan da na yi wa gyara, duk ba sa haɗa kwamfutocinsu da komai. Ni kuma a shagona na gwada manhajar, inda intanet ba ya yankewa. Sun amsa, amsar ce ta rasa hanyar fita!"

"Kenan sati uku tana nan tana yi musu sallama kowace safiya?"

"Kowace safiya. Ni na rubuta ta haka, kada ta haƙura sai ta tafi."

Malama ta zame daga kan kujera, tana dariya har da riƙe ciki.

Amma Auta ba ta yi dariya ba. A hankali ta juya ta fuskanci wanta.

"Me ya sa kai ta kira?"

Yaya ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya mayar.

"Sitikar da kike mannawa a jikin kwamfutocin, wa ya buga miki?"

"Kai. Tun ina zama a lungun can."

"Lambar wa ke jiki?"

Lambar wayar shagon Yaya ce. Guda dubu biyu ya buga mata lokacin da teburinta ke kusurwar shagon nan. Da ta koma nata shagon ta ga asara ce a zubar, ta ci gaba da mannawa abinta.

"Sati uku, Yaya?"

"Auta..."

"Sati uku suna kiranka, kana kallona ina ramewa? Ranar Juma'a a gaban Mama ka tambaye ni ya kasuwar jarida, ka yi dariya! Ka san dare nawa na yi ina tunanin ko aikin nawa ne ba shi da kyau? Har cewa na yi ko mutanen nan haƙuri kawai suke yi da ni!"

Hawayen da take riƙewa tun a ƙofa suka zubo. Ta share da bayan hannu, wasu suka biyo.

Yaya mutum ne da ba a taɓa jin kalmar haƙuri a bakinsa ba, ko ƙafarka ya taka sai ya tambaye ka me ya kawo ta nan. Amma yau sai ya jawo kujera da kansa ya ajiye a bayanta.

"Zauna. Don Allah zauna."

Ta zauna.

"Ranar farko da aka kira, wallahi niyyata in kira ki in yi miki tsiya har ki yi kuka. Na ma ɗauki waya. Sai wani ya sake kira, shugaban wata makaranta. Na ce masa za a gyara, sai ya riƙe ni da labari. Wai kwamfuta goma sha ɗaya aka jibge musu a sito shekara huɗu, ke kika tayar da tara. Wai yanzu yara har faɗa suke yi a kan layi. Ya ce in mujallar ta fito a ajiye masa ashirin."

"Ashirin?" Malama ta miƙe zaune.

"Sai na ce bari in rubuta, kada in manta. Washegari mutum shida suka kira. Daga nan kuma..." Ya sosa ƙeya. "Ni na ce ba wanda zai saya. Da bakina na faɗa, har da dukan tebur. Kullum sai in ce gobe zan gaya miki, goben ta yi in ji bakin ya yi nauyi. Sai na ce bari su cika ɗari tukuna, in ya so in sha kunyar gaba ɗaya. Suka cika har suka wuce, na kasa."

Ya dube ta.

"Ban san abin ya ci ki haka ba. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

Malama ta dafe ƙirji. "Auta, kin ji abin da na ji? Ina ma na ɗauka a waya!"

"Ke kuma ki kiyaye ni."

Ya jawo durowa ya fito da wani littafi mai baƙin bango, irin wanda yake rubuta aikin mutane a ciki. Ya ajiye shi a cinyar Auta.

Ta buɗe.

Rubutun Yaya ne, manya-manyan haruffa masu jingina da juna. Suna, sana'a, lambar waya, sai abin da mutum yake so a koyar. Yadda ake sa hoto a takarda. Yadda ake ajiye aiki kada ya ɓata in an ɗauke wuta. Wasannin yara masu koyar da lissafi. Wani ma cewa ya yi a sa hoton mai gyaran, matarsa ba ta yarda mace ce ba.

Shafi ɗaya, biyu, biyar, tara.

"Nawa ne?" Malama ta leƙo ta kafaɗarta. "Yaya, nawa ne?"

"Da na 'yar mai kemis, ɗari da arba'in da uku."

Ihun da Malama ta yi sai da mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko gobara ce. Ta rungume Auta ta baya, kujera ta kusa kifewa da su. Auta kuwa dariya take yi tana kuka, ta rasa wanne za ta bari. Daɗi ya cika ta har ta ji kamar ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Ashe ana so. Ashe tun tuni ake so.

Sai kuma ta tsaya cak.

"Masu talla fa? Ka ce uku. Ba mu da ko ɗaya."

"Juya littafin ta baya."

Ta juya.

"Mai sola," ta karanta. "Rabin shafi."

"Ya ce duk mai tsohuwar kwamfuta yana fama da wuta, mutanensa ne."

"Makarantar koyon kwamfuta ta bayan tasha. Mai sayar da tsofaffin kwamfutoci." Ta ɗago. "Wannan ai shi ne ya ce manhajata wasan yara ce!"

"Yanzu cewa yake yi da mujalla a hannu kayansa za su fi tafiya. Ci gaba."

"Tela?"

"Jakar kwamfuta yake ɗinkawa, da rigar rufe ta saboda ƙura. Ƙaramin wuri yake so, amma ya ce a sa shi kusa da hoto mai kyau."

"Huɗu ke nan!" in ji Malama tana ƙirgawa da yatsu. "Kamfani goma sha biyu kika bi da turancinki, ashe masu tallan suna cikin mutanenki."

"Biyar," in ji Yaya.

Auta ta duba layin ƙarshe. Ba suna, ba lamba. An dai rubuta: bangon baya, gaba ɗaya, an kama.

"Wane ne wannan?"

Yaya ya sha mur. "Wani mai shagon buga takardu ne."

"Yaya!"

"Me? Mutum ɗari da arba'in za su riƙe abu a hannu, in bar wani ya sa sunansa a baya? Ni mahaukaci ne?"

"Ai sai mu duba ko akwai wuri," in ji Malama tana hura hanci. "Masu talla sun yi mana yawa."

"Za ki fita daga shagon nan yanzu."

Suka kwashe da dariya su uku. Yaya ya taka zuwa kusurwar da teburin Auta yake a da, inda aka lulluɓe wani tudu da tamfol. Ya kama gefe ya yaye.

Takarda ce. Rim a kan rim, fara sol, mai santsi, har kusan kafaɗarsa. Ba irin wadda yake buga kalanda da ita ba.

"Tun kwana goma da suka wuce na sayo," ya ce, bai kalle ta ba. "Lokacin suna sittin da ɗaya. Na san za su cika."

Auta ta tashi ta je ta shafa takardar da tafin hannu. Shekara biyu ta yi a kusurwar nan tana kwance kwamfutoci, Yaya na wucewa yana ce mata mai tayar da matattu. Ba ta taɓa zaton yana kallon aikin da idon arziki ba.

"Na gode, Yaya," ta ce. Iyakar abin da ya iya fita ke nan.

"Bar godiya, aiki ne a gabanmu." Ya tafa hannu, ya koma Yayansa na kullum. "Na ture aikin kalandar nan, injin naku ne ranar Asabar. Lahadi a naɗe a yanke. Na gaya wa kowa ya zo ranar Litinin da safe ya karɓa."

Dariyar Malama ta tsaya a rabi.

"Wace Litinin?"

"Wannan mai zuwa mana. Shugaban makarantar ma da motar makaranta zai zo. Na ce musu shafi talatin da biyu ne, kamar yadda kuka faɗa mini."

Auta ta kalli Malama. Malama ta kalli ƙasa.

"Gobe nake son in fara haɗa farantin bugu, don haka yau zan duba shafukan." Ya goge yatsansa da tsumma, ya miƙo hannu. "Kawo mujallar."

Ba wadda ta motsa.

"Auta. Ba ni filas ɗin."

"Yaya..." Ta sunkuyar da kai. "Da muka ga tara, sai muka daina rubutu."

"To, shafi nawa kuka gama?"

Malama ta fara ja da baya tana laluben ƙofa.

"Bango," in ji Auta. "Bangon gaba kaɗai muka yi."